Nama ya yi yawa, ina ƙashin? Muhawara kan zanen da ya tsage

Ɗan Jushi: Assalamu alaikum mutanen gida. Ina da matsala, kuma don Allah kada a lallashe ni, gaskiya nake nema. Sati uku na yi ina fama da wani zane, tsawonsa ƙafa huɗu, faɗinsa uku. Na kwaɓa yashin rafi da garin katako da farin gam irin na kafintoci, na lafta a kan kanbas, na bi shi da fentin mai. Da na kai wa malaminmu, sai ya tsaya ya kalla, ya ja da baya har bakin ƙofa, ya ce: "Nama ya yi yawa, ina ƙashin?" Shi ke nan ya wuce wurin na gaba. Yau da safe kuma na tarar zanen ya tsage tun daga kusurwar sama har tsakiya, wani ɓangare ma ya ɓamɓare ya faɗo ƙasa. Ga hoton na tura. Tambayata biyu ce: me ya tsaga shi, kuma wane ƙashi ake nema? Ni dai abin da nake gani a Instagram ke nan, kowa lafta abinsa yake yi.

Ɗan Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Kar ka jefar. Sa masa firam mai ruwan zinari ka ce tsagewar da gangan ce, tana nuna halin da ƙasa ke ciki. Wallahi za a saya.

Mai Unguwa: Ɗan Sabon Gari, yaro na kuka kana tallar firam.

'Yar Samaru: Bari in amsa ta farkon, ita ce mai sauƙi. Gam da yashi in sun bushe sun zama dutse, ba sa lanƙwasa. Kanbas kuwa yadi ne, yana saki yana ɗamewa gwargwadon laimar iska. Yanzu hunturu ne, iska ta bushe ƙayau, katakon firam ɗin ma yana motsi. Ka ɗora abin da ba ya motsi a kan abin da ke motsi, dole ɗaya ya ba da kai. In za ka yi aiki mai nauyi haka, a kan filawud za ka yi, ka shafe shi gaba da baya kafin ka fara don kada ya banƙare. Sannan ka riƙa sa kwaɓin kaɗan-kaɗan, wannan ya bushe ka ƙara wani. Ina kyautata zaton lokaci ɗaya ka zuba naka, ko?

Ɗan Jushi: Lokaci ɗaya ne, Anti. Kaurinsa ya kai na yatsa. Washegari na sa fenti.

'Yar Samaru: To ka ji. Saman ya bushe, cikin da sauran danshi, ka zo ka rufe shi da mai. Kuma fentin mai ba irin bushewar akirilik, fentin nan da ake tsinkawa da ruwa, yake yi ba. Akirilik ruwan cikinsa ne ke tashi, ya bar roba. Shi kuwa mai, iskar da yake sha ce ke daskarar da shi a hankali, daga waje zuwa ciki, mai kauri sai ya yi watanni. Shi ya sa ake cewa shafen farko ya zama mai ƙarancin mai, na sama su fi shi mai. In ka juya abin, na sama ya riga na ƙasa bushewa, sai ya tsattsage. Mai a kan akirilik yana zama. Akirilik a kan mai kuwa saɓulewa yake yi.

Tsohon Ɗalibi: Madalla da 'yata, ta gama da ta farko, ba ni da ƙari. Ta biyun ce ta tayar da ni daga kishingiɗa.

Ɗana, na buɗe hotonka na ƙanƙance ido na kalla. Ka gwada da kanka: ka runtse ido har sai komai ya dushe, ko ka mai da hoton baƙi da fari a wayarka. Me ya rage? Toka-toka ce daga wannan gefe zuwa wancan. Babu inda ya fi duhu, babu inda ya fi haske, babu inda ido zai sauka ya huta, babu hanyar da zai bi ya zaga ya dawo. Ko'ina kaushi, ko'ina daidai. Ƙashin da malaminka yake nema shi ne abin da ke saura idan an ɗebe launi da kwalliya: manyan siffofi uku ko huɗu, yadda aka raba haske da duhu, wane gefe ya ɗauki nauyi da abin da ya tare shi a ɗaya gefen. In wannan ya tsaya, ko da gawayi ka yi a bayan kwali zai riƙe mutum. In bai tsaya ba, ko tifa guda ta yashi ka juye, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Kuma abin da ke ba ni haushi da ku 'yan yanzu, kuna zaune a Zariya kuna leƙen Instagram. A garin nan aka yi wannan gardamar tun ba a haifi iyayenku ba. Sashen zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, daga Ibadan aka dawo da shi nan a 1955. A 1958 ɗalibai irinku, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da daga baya aka riƙa yi wa laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya. Maganarsu ita ce a koyi dabarar Bature, amma kowa ya koma gida ya binciko yadda nasa suke zane, a haɗa biyun su zama abu guda. Uche Okeke, wanda ya yi firamarensa a Kafanchan, ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Abin da ya ɗauko a can layi ne siriri da filin da ake bari fayau a gefensa. Ba ya cika takarda. Shi kuma Grillo kowa shuɗinsa yake yabawa, amma ka cire shuɗin ka ga yadda ya yanyanka jikin mutum da tufafinsa gida-gida, kamar gilashin taga. Wannan shi ne ƙashi.

'Yar Samaru: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ban yarda da duka ba. Yadda kuka faɗa kamar dole sai mutum ya zauna ya tsara komai da fensir kafin ya taɓa fenti. To Gani Odutokun fa? A Samarun nan ya koyar har ya rasu a haɗarin mota a 1995. Tsinka fentin mai yake yi ya zama ruwa, ya kwarara a kan kanbas, ya karkata shi fentin ya bi hanyarsa, daga baya ya duba abin da ya fito ya gina a kai. Ina fensir a nan? Kuma tunda kun ambaci Onobrakpeya, ai dabarar da ta fi fito da shi daga ɓarna ta samo asali. A 1967 asid ya cinye masa farantin da yake sassaƙawa don bugawa, ya cike ramukan da gam mai ƙarfi, da ya buga sai ga tudu da kwari da bai taɓa samu ba. Da ya ce bai tsara haka ba ya jefar, da babu labarin. Gani dai ya kori ji, Baba.

Ɗan Sabon Gari: Kai! Ta haɗa da sunan mutumin ma. Baba a tashi a amsa.

Tsohon Ɗalibi: Ja'ira. Na ji karin maganar, kuma ta zauna. Amma ki nemo zanen gawayin Odutokun ki kalla, sannan ki dawo mu yi magana. Mutumin hannunsa ya nuna a zane tun kafin ya fara kwarara fenti. Idan fentin ya gudu, idon da ya san tsari ne ke ce masa tsaya nan, goge can, bar wancan. Ban ce sai ƙashi ya riga zuwa a kan kanbas ba. Cewa na yi sai ya kasance akwai shi. Wani a takarda yake ajiye shi, wani a ido yake ɗauke da shi. Ɗanmu na Jushi bai da shi a takarda, kuma idon bai kai ba tukuna. Ba zagi ba ne, aji uku yake.

'Yar Samaru: To a nan mun kusa haɗuwa. Saura kaɗan. Ni ina ganin idon ba ya nuna sai an bar yaro ya yi ɓarnar. In kullum tulu da kwalba za a jera masa ya zana, zai fita da digiri yana tsoron fenti.

Jikan Magina: Salamu alaikum. Ni ba ɗan makarantan zane ba ne, ƙanina ya sa ni a gidan nan, kullum karatu nake ina shiru. Amma yau an taɓo sana'an gidanmu. Wannan abu da ya sami yaron nan, ko yaron magini ya san shi. Katangan da aka yi wa yaɓe mai kauri rana ɗaya, kafin sati ya tsage. Ana yi ne bi da bi. Ƙasan ma ba a kwaɓa shi yau a yi aiki da shi yau, sai an zuba ciyawa an tattake, an bar shi ya kwana biyu ya ruɓa, ciyawan ne ke riƙe shi kada ya buɗe. Ku masu gam da yashi, me kuka sa a ciki da zai yi aikin ciyawa?

Sannan maganan ƙashi. Ku je masallacin Juma'a na cikin gari, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu, na zamanin Sarki Abdulkarimu. Ginin zamani da aka yi daga baya ya lulluɓe shi ta waje, amma tsohon yana ciki. Ka ɗaga kai ka kalli bakan gizon nan, wato ginin da ya lanƙwasa ya tallafe rufin. Abin da kake gani ƙasa ne, amma abin da ke ɗauke da rufin azara ne, itacen giginya da gara ba ya ci. Azara guntu ne, shi kaɗai ba ya haye ɗaki mai faɗi. Sai a kafa shi a bango ya ɗan leƙo, a ɗaure, a ɗora wani ya ƙara leƙowa, daga nan da can har su haɗu a sama, sannan a bi da ƙasa a rufe. Zanen da ke jikin ginshiƙan kuma tun ƙasan yana ɗanye aka fitar da shi da hannu, ya bi jikin ginin. Ba a gama gini aka zo aka manna masa ba.

Bakano a Kongo: "Katangan ya tsage", "ƙasan yana ɗanye". Zage-zagi dai har abada ba za ku ba mace haƙƙinta a magana ba.

Jikan Magina: Kai da ka zo neman ilimi garinmu, yi shiru ka ɗauka.

Tsohon Ɗalibi: Malam Magini, Allah ya saka da alheri. Abin da na yi ta kewaye-kewaye ban faɗa ba, ka faɗe shi a azara ɗaya. Sarki Abdulkarimu daga 1834 zuwa 1846 ya yi sarauta, ku lissafa shekarun ginin nan. Ina roƙon ka ƙara mana bayani a kan makuba da laso, don yaran nan sun ɗauka kaushi da santsi a kanti ake sayo su.

Jikan Magina: Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samun shi, a jiƙa a kwaɓa da ƙasa a shafe bango, shi ke ba da wannan ja mai duhu kuma yana kore ruwa. Laso kuma na rufi ne da wuraren da ruwa ke duka: katsi na karofi, da gashin jima daga majema, da dafara. Kowanne da yadda yake kama haske. Kuma magini yana sanin inda zai bar bango fayau. Ƙofan zaure ake ƙawatawa, don nan baƙo ke fuskanta. Wanda ya zane gida tun daga zaure har bayan gida, ba gwani ba ne, sabon kuɗi ne.

'Yar Samaru: Wannan jimla ta ƙarshe zan rubuta in manna a situdiyo.

Ɗan Jushi: Na gode ƙwarai. Amma bari in kare kaina kaɗan. Ba haka kawai na tashi na kwaɓa yashi ba. Aikin Antoni Tàpies na gani, mutumin Basalona, ya burge ni. Shi ma ai yashi da garin dutse yake laftawa, kuma duniya ta karɓe shi.

Tsohon Ɗalibi: A waya ka gan shi ko?

Ɗan Jushi: A waya.

Tsohon Ɗalibi: To nan gizo ke saƙar. Waya tana mai da zane mai tsawon mutum ya koma tafin hannu, ta kwantar da tudu da kwari su zama hoto sumul. Ka ga kaushin, ba ka ga girman filin da ya bari shiru ba. Koma ka duba aikinsa da kyau. Sau da yawa fili ne guda babba, launin ƙasa ko toka, sai tsaga ɗaya, ko alamar kuros, ko wani abu kamar ƙofa. Bango yake yi maka, kuma sunan nasa ma a harshensu na Kataloniya bangaye yake nufi. Ka ga abin dariya: mutumin Basalona ya yi suna da bangon da ya ƙirƙira, kai kuma da ka taso kana jingina da na gaske a Jushi ka tafi wurinsa aro.

Bakano a Kongo: Ni ina da ƙari a kan wannan, ban da tsokana. Akwai kaushin da hannu ke ji, akwai wanda ido kawai ke gani, kuma ɗalibai muna rikita su. Julie Mehretu, wadda aka haifa a Adis Ababa a 1970, in ka ga manyan zanukanta sai ka rantse rami ne mai zurfi: zanen gine-gine da taswira a ƙasa, dubban layukan tawada a sama, wani kan wani. Amma tana rufe kowane hawa da ruwan akirilik mai gani-har-hanji, a goge shi ya yi santsi, sannan a hau na gaba. Fuskar zanen sumul take. Zurfin daga jerin hawa-hawan ya fito. A ɗaya gefen kuma ga Pierre Soulages na Faransa, wanda ya rasu a 2022 yana da shekara 102. Tun 1979 baƙin fenti kusan shi kaɗai yake amfani da shi, ya ja shi da burushi ko wani abu mai faɗi ya bar masa kunyoyi kamar gona. Inda kunyar ta kwanta haske ya zauna, inda ta miƙe ya zame. Shi a wurinsa kaushin ne ma ƙashin, in ka cire shi babu zanen. Saboda haka tambayar da zan yi wa Ɗan Jushi: yashinka wane aiki yake yi? In an kankare shi me zanen zai rasa?

Ɗan Jushi: Gaskiya... nauyi kawai zai rasa.

Ɗan Sabon Gari: Allah ya ba ka lada, ka faɗi gaskiya a bainar jama'a.

Amma ku bari in ɓata muku rai. Duk wannan falsafa ce ta cikin makaranta. Ni da nake kai aiki Abuja da Kaduna na san abin da ake saya: doki da mahayi a hawan sallah, Bafulatana da ƙwarya, ko dagi babba a tsakiya da kaushi kewaye da shi, kalar ta dace da kujerun falo. Ba wanda ya taɓa ce mini ina ƙashi. Fenti ya yi tsada, kanbas ya yi tsada, yaro zai gama ya fito ya ci abinci. Ku koya masa abin da zai sayar.

'Yar Samaru: Yaya, ba wanda ya hana ka cin abinci. Amma dagin nan da kuke mannawa a tsakiyar kowane kanbas ya gaji, wallahi ya gaji. Yana jikin ƙofar gida, yana jikin hula, yana jikin motar haya, yanzu kuma duk wanda aka ce ya yi zanen gida sai ya dangwala shi ya ce ya koma tushe. Su Okeke ba haka suka yi ba. Yadda layin ke tafiya suka koya. Kuma ko a dokin naka, wanda ya san ƙashi dokinsa ke tsayawa da ƙafa huɗu. Na sha ganin dawakan da in da rai gare su da sun kife.

Ɗan Sabon Gari: Ba nawa ba dai.

'Yar Samaru: Ban kama suna ba.

Gardi: Salamu alaikum, Allah ya gafarta malamai. An yi ta maganar ƙashi da nama, an bar layi a baya, shi ne na ce bari in sa baki. Ni kafin in shiga boko na yi shekaru ina rubutun allo, har zayyana ina yi wa masu sauka. Alƙalamin kara yadda ka fiƙe bakinsa haka zai ba ka. Ka ja shi ƙasa ya yi kauri, ka ja shi gefe ya sirance, tawadar gawayi da ƙaro tana ƙarewa a tsakiyar harafi ka ga layin ya dushe sannan ka sake tsomawa. Layi ɗaya amma yana numfashi. Da na zo ajin zane sai na ga yara suna zana komai da bakin biro, kaurin layi ɗaya tun daga farko har ƙarshe, kamar waya. Kuma a tsorace suke ja, guntu-guntu, suna gogewa. A allo ba ka da wannan damar, in ka ɗora alƙalami sai ka kai.

Wanda ya buɗe mini ido shi ne Ibrahim El-Salahi na Sudan. An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin makarantar allo ne. Ya je Landan ya yi karatun zane irin na Turawa, ya dawo gida ya ga mutanensa ba su kula da abin da ya kawo ba. Sai ya koma ga harafin da ya taso da shi, ya warware shi, ya ja wutsiyarsa ta zama fuska, ta zama itace, ta zama jinjirin wata. An nuna aikinsa a Mbari, cibiyar marubuta da masu zane ta Ibadan, tun farkon shekarun 1960, kuma a 2013 gidan Tate Modern na Landan ya yi baje kolin aikin rayuwarsa. Ko da aka tsare shi a kurkuku a 1975, a 'yan guntayen takardu ya ci gaba da zane a ɓoye. Ba yashi, ba gam. Layi kawai.

Sai dai in yi gargaɗi: ban ce a ɗebo ayoyi a zuba a kanbas a rataye inda aka ga dama ba. Hannun nake magana, yadda aka horar da shi.

Bakano a Kongo: Wannan ya kawo wata magana. Da yawa cikinmu muna gudu zuwa zanen da ba siffar mai rai saboda abin da muka ji daga malamai game da surantawa. Shin...

Mai Unguwa: Dakata nan. Fatawa a kai wa ma'abotanta, an yi wannan a gidan nan bara har mutum biyu suka fita. A ci gaba da maganar zane.

Tsohon Ɗalibi: Na bi umarnin Mai Unguwa. Abu ɗaya kawai: wanda ya zaɓi barin zanen mai rai saboda imaninsa, hanya a buɗe take, kuma mai faɗi ce. Amma ba ta ɗauke masa koyon zane ba. Ga kuka, ga keke, ga Dutsen Kufena, ga lungunan cikin gari. Keke ma ya fi fuskar mutum tona asirin wanda bai iya ba.

Ɗiyar Mai Ɗinki: Tun ɗazu nake son in yi magana, ina girki. Babana ɗinkin hannu yake yi, na manyan riguna, kuma abin da Baba Tsohon Ɗalibi ya kira ƙashi na gan shi tun ina yarinya ban san sunansa ba. Kafin allura ta taɓa riga, sai an kai wa mai zane ya fitar da aikin da tawada a jikin yadin. Shi ba ya ɗinki, zanen kawai. Sannan masu ɗinki su bi su cike, wata da watanni. Ku shimfiɗa aska takwas ku kalla: aikin duk ya taru a gefen hagu, wajen aljihu, asake suna zubowa ƙasa da tsini, ya haura kafaɗa. Gefen dama kuwa kusan fili ne, sai tambari guda da ke zagaye. Ba a raba shi biyu daidai ba, amma ba ka jin rigar za ta kife. Da'irar nan ɗaya ta tare nauyin duk asaken. Kuma cikin ɗinkin akwai inda aka cike ya toshe, akwai inda aka huda ya zama raga, akwai inda aka bar yadin. Hannu na jin uku, ido na ganin uku. Furojet ɗina a kan wannan rabon nake yi, babu aska ko ɗaya a ciki, nauyin kawai na ara.

'Yar Samaru: Ƙawata, turo mu gani mana!

Ɗiyar Mai Ɗinki: Sai an duba an sa maki. Na san halin gidan nan.

Ɗan Jushi: To yanzu ni me zan yi? Saura sati biyu a karɓi aiki. In sake sabo ko in gyara wannan?

Tsohon Ɗalibi: Ajiye fenti kwana uku. Yanka takarda ƙanana kamar kwalin ashana, guda ashirin. A kowace ka tsara zanen da baƙi da fari da toka kawai, siffa kada ta wuce huɗu. Jera su a ƙasa ka tsaya a kansu, wadda ta kira ka daga tsaye ita ce. Sannan ka yanke shawarar wuri ɗaya da kaushi zai zauna, sauran ka bar shi ya yi shiru. In kana aiki ka riƙa juya zanen kai ƙasa, ko ka kalle shi a madubi, karkatar da idonka ya saba da ita za ta fito.

'Yar Samaru: Ni kuma na ce kada ka yar da tsohon. Kankare rabin yashin da wuƙar fenti, ka bi tsagar nan ka ga inda ta nufa. Ita kaɗai ce layin gaskiya a zanen, Baba ma in ya sake dubawa zai yarda. Mark Bradford na Amurka ai haka yake yi, ya manna takardu hawa-hawa, ya zo da injin goge katako ya ci su har na ƙasa ya leƙo. Ɓarnar ma hanya ce.

Tsohon Ɗalibi: Na sake dubawa. Tsagar ta fi komai kyau a ciki, wannan gaskiya ne. Amma a kanbas ɗin nan ba za ta tsaya inda take ba, za ta ci gaba har ranar da za a duba aikin.

Ɗan Sabon Gari: Ashe dai maganata aka dawo. Na ce a sa firam, aka ce ina talla.

Jikan Magina: In kuna so ku ga bango da idonku, ku zo ran Asabar bayan La'asar. Da tsakar rana ba a ganin komai, hasken yana dukan shi ta sama, sai rana ya karkata zanen ke tashi. Mu haɗu a Ƙofan Doka in shiga da ku, akwai tsofaffin zaure biyu-uku da suka rage, ɗaya daminan bana ya ci gefensa, azaran duk a waje, za ku ga yadda aka ɗaure. Amma a nemi izinin masu gida kafin a ɗaga waya, kuma mata a zo da mayafi.

Gardi: Zan zo da alƙaluman kara da tawada, duk mai so ya gwada.

Bakano a Kongo: "Rana ya karkata." Ina nan zuwa, ko don in ji sauran.

Ɗan Jushi: In sha Allah ni ne farkon zuwa. Anti 'Yar Samaru, filawud ɗin mai kaurin nawa zan saya? Kuma wa ke da injin goge katako ya ara mini zuwa Litinin?